Mutum na Ashirin da Biyar

Palmeira, tsibirin Sal
Lahadi, 12 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Arlinda,

Ina miƙo miki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Nho Celestino da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara miki ƙarfi, ya sassauta miki ciwon gwiwar nan da sanyin Rotterdam ke tayar miki duk shekara. Mu nan kowa yana tashi da ƙafarsa, mun gode wa Allah. An yi wa Goggo Bia aikin ido, yanzu tana gani tangaran, har ta fara cewa ashe duk mun tsufa ba ta sani ba. 'Yata Suely ta ci jarrabawarta, tana ta ɗaga kai a gida. Ruwan sama ya sauka sau biyu a watan jiya, awaki sun sami abin lasa.

Dona Eugénia ce za ta kawo miki wannan takarda da hannunta, tare da cuku biyu, da busasshen kifi, da kwalbar grogu, giyar raken nan, ta Nho Celestino. A ƙasan jakar za ki tarar da wani ɗan abu a naɗe cikin hankici. Kada ki ɗauka shara ce ki jefar, ki bari sai kin gama karatu. Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna alhali duk Lahadi muna magana a waya. To, duk lokacin da kika kira, Baba yana zaune kusa da ni ya baza kunne, kuma ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa miki wannan magana a waya ba. Kwana goma sha biyu ke nan tana cin raina, na kasa riƙe ta ni kaɗai. Ki nemi wuri ki zauna. Kafin komai, Baba yana nan da ransa, yanzu haka ina jin tarinsa a tsakar gida yana faɗa da kaji.

Kin san shekara uku ke nan ina girki a jirgin baƙi, wancan mai ciki biyu da raga a tsakani da na turo miki hotonsa. Aikinmu na yamma ba ya canzawa. Ƙarfe biyu mu tashi daga gaɓar Palmeira, mu gangara Murdeira mu ɗaure jirgi a jikin boya, wato ƙatuwar ƙwallon robar nan mai ruwan lemo da ke yawo a kan ruwa da sarƙa a ƙasa. Baƙi su yi iyo na awa ɗaya, sai mu ɗaga zanen da iska ke tura jirgi da shi mu fita tsakiyar teku, in ba su abinci, su kalli faɗuwar rana su yi ta ɗaukar hoto kamar a garinsu rana ba ta faɗuwa. Kowane baƙo ana ɗaura masa shuɗin zare a hannu tun a gaɓa, a rubuta sunansa a takarda. Ivone, matar da ke kula da baƙi, ita ke ƙirga su da wannan zaren in za a tashi, da kuma bayan an fito daga ruwa. Amma mu ma'aikata muna da tamu al'ada: in akwai wuri, kana iya ɗauko naka na gida, ya shigo ta katakon da muke hawa jirgi kafin baƙi su iso, ya zauna a gefe. Na gida ba a ɗaura masa zare, ba a rubuta shi. Uwar Ivone ta hau, 'ya'yan kyaftin sun hau ba adadi, ba wanda ya taɓa ganin aibin abin.

Ranar da Baba ya cika shekara saba'in da takwas na ce bari in faranta masa. Kin san tun da ya yanke jiki ya faɗi lokacin Ista likita ya raba shi da teku, aka sayar da kwale-kwalensa, ya koma zaman bakin gaɓa yana gyara wa mutane koma yana kushe duk jirgin da ya wuce. Namu kam ya fi shan baƙar magana. Wai jirgin da ba ya warin kifi ba jirgi ba ne, falo ne aka ɗora wa zane. Amma da na ce masa ya shirya, tun sha biyu ya gama wanka, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci da hular saƙar nan, ya ɗaura agogon da kika aiko masa. Da muka tashi ya je ya kafa kujera kusa da kyaftin Valdir, yana ta gyara masa tuƙi. Valdir yana dariya ya ce, "Nho Ambrósio, in sitiyarin kake so ka faɗa, ni in je in kwanta a raga." Baba ya ce masa ya kama bakinsa, shi ya koya wa ubansa yadda ake sa tsutsa a ƙugiya. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun Mama na da rai.

Da muka shiga Murdeira sai ya bar gefen Valdir. Ya taso ya tsaya a gaban jirgi ya zuba wa ruwan ido, kin dai san nan ne shi da ɗan'uwanmu marigayi Tói suke zuba ƙugiya shekara da shekaru. Ni kuma na san halin kayana. Na je na tsaya a gabansa na ce ko ɗan yatsa kada ya kuskura ya tsoma, in ba haka ba gobe ma a ɗaki zan kulle shi. Ya dube ni ya ce, "To, uwata, na ji." Da wannan na sauka kicin, don kifi na jirana. Kicin ɗin a cikin jirgi yake, ƙasa, taga ɗaya ce kamar faranti, ga ƙarar mai, ga kiɗan funana da Ivone ke sakewa har ƙasan jirgi na rawa. Baƙi suna sauka ta tsanin baya suna ihu. Ba wanda ke duban gaba. Da lokaci ya yi na ji Ivone tana ƙirga da ƙarfi yadda ta saba, ta gama ta sake daga farko, sannan ta ɗaga murya ta ce ashirin da huɗu, sun cika. Yaya, da bakina na amsa mata daga ƙasa na ce madalla. Aka kwance igiya muka tafi.

Mun yi tafiyar da ta kai minti arba'in kafin in gama rarraba abinci. Shinkafa ce da kacupa, daffen masara da waken nan, da gasasshen kifi. Baƙin nan ba sa son kan kifi, wai idonsa na kallonsu, don haka tun farko na ware wa Baba kan mafi girma, na matsa masa lemon tsami da barkono yadda yake so. Na ɗauko farantin na hau sama. Kujerarsa ba kowa. Na tambayi Valdir, ya ce ai ya ɗauka yana ƙasa wurina tun ɗazu. Na leƙa raga, Turawa ne kwance. Na buga ƙofar banɗaki biyun, na buɗe ɗakin ajiye rigunan ruwa, ina kira ina ɗan dariya, ina cewa tsohon nan yau zai gane kurensa. Har lokacin farantin na hannuna. Sai da na zagaya can gaba, bayan akwatin igiya, na ga farar rigarsa an ninke ta huɗu an ajiye a kan takalmansa, hular a sama. Na ɗaga hular. Ga agogonki, ga haƙoransa na roba a naɗe cikin hankici.

Ke ma kin sani, shiga ruwa ne kaɗai ke sa Baba ya cire haƙoransa da rana tsaka, tun shekarar da teku ta cinye masa na farko. Ban san lokacin da farantin ya bar hannuna ba. Na juya baya, ba abin da nake gani sai ruwa, Murdeira ta koma wani ɗan baƙin layi can nesa. Na garzaya wurin Valdir na ɗora masa hular a kan sitiyari. Fuskarsa ta canza, ya daka wa abokin aikinsa tsawa ya sauke zane, ya tayar da inji biyun, ya karya jirgin da ƙarfi har kofuna suka zube. Wasu baƙi suka hau tafi, sun ɗauka gyara musu wurin kallon rana ake yi. Ivone ta zo da gudu da takardarta tana cewa ta rantse da Allah sun cika, sau biyu ta ƙirga, ashirin da huɗu ne. Saura ƙiris in kwaɗa mata mari. Sai na tuna ni na shigo da shi ta katako, ni na ce mata ta bar zarenta, ai na gida ne.

Yanzu iska ta koma gabanmu, igiyar ruwa tana dukan jirgi, ga shi falon nan da Baba ke faɗa ba ya gudu in ya fuskanci iska. Valdir ya kira gaɓa ta rediyo, aka ce masunta biyu za su fito, amma mun fi su kusa. Na tsaya a gaba na riƙe waya mai ɗaure zane, na miƙa hannu na auna rana da yatsu yadda Baba ya koya mana muna yara, kowane yatsa rubu'in awa. Yatsa huɗu ne tsakaninta da ruwa. Na sake aunawa ko zan sami na biyar, babu. Ke kin san yadda duhu ke faɗowa a nan, ba ya sallama. Kuma kin san ruwan Murdeira in yamma ta yi waje yake ja, gaɓar kuwa duk baƙin dutse ce mai kaifi. Na yi ta lissafi a raina ina rushewa: tsoho mai ciwon zuciya, ya kusa awa guda a ruwa, wata awar kuma na gaba. Ni 'yar masunci, ga ni a tsaye ban iya iyo ba ko na taku biyu, don a gidanmu maza kaɗai aka koya wa.

Ivone ta kashe kiɗa ta gaya wa baƙi abin da ake ciki. Yaya, ban taɓa jin jirgin nan ya yi shiru irin na ranar ba. Suka ajiye cokula suka jeru a gefe biyu suna duban ruwa. Wani ƙaton mutum da ya dame ni da ƙorafin barkono tun farkon tafiya ya ciro madubin hangen nesa ya zo ya tsaya kusa da ni. Duk abin da ya yi baƙi a kan ruwa sai gabana ya faɗi. Sau ɗaya wata ta yi ihu tana nuni, muka karkata, ashe kunkuru ne ya ɗago kai. Na auna rana, yatsa uku. Na karanta duk addu'ar da na sani, na koma ina maimaita sunan Maryamu kawai, daga baya ma sai na ji ina yi wa Baba faɗa a fili, ina ce masa mai taurin kai, mai kunnen ƙashi, in ka mutu ban yafe maka ba.

Abin da ya fi razana ni ba zan ɓoye miki ba. Tói nake gani. Shekara goma sha tara ke nan amma komai ya dawo mini sabo: kwana ukun da maza suka yi suna fita nemansa a teku suna dawowa hannu wofi, da yadda aka yi masa addu'a a coci da hoto a kan tebur don ba abin da za a sa a akwati, da yadda Mama ta riƙa ajiye masa abinci a rufe har ta koma ga Allah ba ta san inda za ta kai fure ba. Ni na kira ki a waya wancan karon, kina tuna? Na ji kalmomin nan suna sake haɗuwa a bakina, iri ɗaya sak, sai dai a wannan karon zan ƙara da cewa ni na kai shi da hannuna. Na auna rana, yatsa biyu.

Da muka shiga bakin Murdeira saura yatsa ɗaya. Sama ta yi jawur, ruwan ya ɗauki jan, komai da ke kansa ya koma baƙi. Ƙaton nan ne ya fara hango boya. Na karɓe madubin na duba, ƙwallon kaɗai na gani tana hawa tana sauka, ba kowa. Na ce shi ke nan. Valdir ya kashe inji ya ce kowa ya yi shiru, ya haɗa hannu a baki ya kira sunan Baba sau uku. Ba amsa sai ruwa na lasar jirgi. Can igiyar ruwa ta juya ƙwallon, sai ga wani abu a bayanta kamar kwakwa, ya nutse ya ɗago. Kan Baba ne. Bai ɗaga hannu ba, bai yi motsi ba. Valdir ya bar sitiyari ya faɗa ruwa da kayansa, ya isa ya kama shi ya ja, sai muka ga ya kasa raba shi da boyar. Ya ɗago ya yi ihu a miƙo wuƙa. Ashe Baba ya ɗauki siririyar igiyar da ke jikin boyar ya zagaya ƙirjinsa ta ƙarƙashin hammata ya ƙulle. Wuƙar da na yanka kifinsa da ita aka jefa wa Valdir.

Mutum huɗu suka ciccibo shi ta tsani. Jikinsa ya yi toka-toka, sanyi ƙalau kamar kifin da aka ciro daga ƙanƙara, ƙirjinsa duk ya kuje da ƙwanson da ke manne a boyar. Na rungume shi ina kira, aka lulluɓe mu da tawul da zanen tebur, wata baƙuwa da ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce tana ta murza masa ƙafa. Rana ta faɗi a lokacin, ban ga wanda ya ɗaga waya ya ɗauki hoto ba. Sai da muka kusa Palmeira ya buɗe ido sosai. Ya motsa baki, na kai kunne, wai ina haƙoransa. Da aka sa masa, ya nemi Valdir da ido ya ce masa ko jaki aka ba sitiyari zai fi shi iya tunkarar boya. Valdir ya zauna a ƙasa yana dariya yana kuka, ni kuwa kukan kaɗai na iya. Kwanansa biyu a asibiti aka sallamo shi, likita ya ce bai san da me aka ƙera tsohon nan ba.

Daga baya ya ba ni labari guntu-guntu. Ta gaban jirgi ya zame, wai yana so ya leƙa ramin dutsen da shi da Tói suke samun manyan kifi, ya ga ko yana nan. Da ya ɗago ya hango mu mun ɗaga zane. Ya yi kira, kiɗa ya cinye muryar. Ya gwada nufar gaɓa ruwa ya mayar da shi, sai ya tattara sauran ƙarfinsa ya koma boya. Bai zargi kowa ba, ya ce shi ya saci jiki. Ivone ta zo gida da uwarta ta durƙusa tana ba shi haƙuri, ya ce ta tashi, ai ƙirganta daidai ne, shi ne ba ya cikin lissafi. Kafin ta tafi ta ciro shuɗin zare ta ɗaura masa a hannu, yana nan har yau kusa da agogonki, ya hana a cire. Yanzu a jirginmu ko jaririn ma'aikaci ne ya hau sai an rubuta shi.

Valdir ya kawo mini guntun igiyar da ya yanke, da ƙullin a jiki. Shi ne a cikin hankicin nan. Ki duba shi da kyau, ke kin fi ni riƙe abin da Baba ya koya mana. Ba ƙullin da ke warwarewa ba ne in an ja baki ɗaya, wancan ne da ake ɗaure anga, ƙarfen tsayar da jirgi, da shi, wanda in ya jiƙe sai wuƙa. Ranar Talata da safe yana zaune a ƙofar gida yana shan kofi, na ajiye masa shi a gwiwa na ce me ya sa ya yi wannan, da boyar ta juya ta danne shi fa, ta yaya zai kwance kansa? Ya daɗe yana juya shi a hannu. Sannan ya ce da yatsunsa suka fara mutuwa ya san ba zai kai duhu ba, shi ya sa ya yi sauri ya ƙulla tun suna jin maganarsa. Ya ce, "Zulmira, ba don in rayu na ɗaure ba. Don ku same ni ne." Ya ce ya ga abin da rashin kabari ya yi wa Mama, ba zai bar mana irinsa ba. Na ɗauka ya gama, sai ya ƙara da cewa Arlinda ba za ta baro aikinta ta keto duniya don ta tsaya gaban hoto ba, amma in akwai gawa dole ta zo. Ya faɗe shi ne ba fushi ba gori, kamar mai faɗin yadda iska za ta kaɗa gobe, ya ci gaba da shan kofinsa.

Yaya, ban rubuto don in ɗora miki laifi ba, mai laifi tana nan riƙe da alƙalami. Na san aiki, na san makarantar yara, na san tafiyar ba wasa ba ce. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan kina cewa baɗi, shi kuma yana cewa to. Ni har yanzu in rana ta sunkuya sai in tsinci hannuna a miƙe ina auna ta, a jirgi ko a tsakar gida. Ubanmu ya zauna a cikin ruwa yana lissafin hanyar da za ta kawo ki gida, kuma wadda ya samu ke nan. Ki zo Kirsimetin nan ki nuna masa akwai wata. Ki zo tun yana iya yi miki faɗa.

Ki gaishe mini da Nho Celestino, ki ce grogun na tsibirin Santo Antão ne, kada ya shanye a zama ɗaya. Ki shafa mini kan Edmilson da Neusa, ki gaya musu kakansu yana tambayar ko sun fi shi tsawo. Goggo Bia tana gaishe ki, Suely da babanta suna gaishe ki, Valdir ma ya ce in miƙa gaisuwarsa. In kin kira ranar Lahadi kada ki nuna kin san komai, ki dai faɗa masa ranar da jirginki zai sauka. Igiyar kuma ki dawo mini da ita da hannunki.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Zulmira